Madugun ayarin Balma

Kantun gishirin da makiyayin Bangi ke ajiye wa shanunsa su lasa ya sha tafiya kafin ya iso. Asalinsa Kalala ne, ramukan gishirin da ke gefen Balma a ƙasar Kawar, can bayan hamadar Tenere. Buzayen Kel Gres, waɗanda suka daɗe da zama a yankin Madawa, suna cikin manyan masu wannan fatauci, su da Kel Ewey na duwatsun Abzin. A farkon ƙarni na 20 ayari ɗaya kan haura raƙuma 10,000, kuma mutum ɗaya ne ke gaba: madugu.

An fi yaba masa sanin taurari, kuma ya san su. Da rana yana duba inuwarsa da yadda iska ta kwantar da tuddan rairayi, da dare ya bi sama. Amma a ganina gwanintarsa ta fi fitowa a lissafi. Tun daga bakin Abzin har Balma, tafiyar da ta kusa kilomita 500, babu kiwon da za a dogara da shi, ruwa kuma sai rijiyar Bishiyar Tenere da garin Fashi. Don haka tun kafin a tashi, wajen Oktoba, ake yankar ciyawa a ɗaure dami-dami a aza wa raƙuma. Madugu ne ke cewa ga nawa za a ci yau, ga nawa za a sauke a bari a hanya don dawowa, lokacin da bayan kowane raƙumi zai cika da gishiri. In ya yi kuskure da dami kaɗan, dabbobi ne za su faɗi.

Shi ya sa ba a zango da rana. Akan tashi da sassafe a yi ta tafiya har dare ya raba, akalar wannan ɗaure da sirdin wancan. A tafe ake dama gero da cuku da dabino a sha, a tafe ake dafa shayi, yaro na gudu da kofi daga wannan layi zuwa wancan. Madugu kuwa idonsa na kan tafin raƙuma da numfashinsu, ya gane wanda ya fara gajiya tun bai durƙushe ba, ya sa a rage masa kaya.

Duk wanda ya sha wannan wuya ya leƙa Kalala, sai ya tsaya kallo. Ramuka ne birjik, ruwan wani ja, na wani ɗorawa, na wani kore-kore. Masu aikin, galibi Barebari, kan fasa ɓawon da rana ta daskarar a saman ruwa don ya nutse ƙasa ya taru. Mai tsabtar shi ne beza, gishirin miya. Sauran a kwaɓa shi a zuba cikin kututturen dabino da aka rarake, a kife, ya bushe ya zama kantu.

Nan ma ba a sakewa, domin kowane kwana ciyawa yake ci. A ba da gero a karɓi gishiri da dabino, a naɗe kantu cikin tabarmi kada ya karye, a juya. Motoci sun rage wa ayari kasuwa ƙwarai, Bishiyar Tenere ma mota ce ta kayar da ita a 1973, gangarta na gidan tarihi na Yamai. Duk da haka akwai madugai da ke ratsa Tenere har yau, su huta a Abzin, sannan su gangaro ƙasar Hausa bayan kaka, lokacin da gero ke araha kuma gonaki ke da karan da raƙuma za su ci.