Littafin Yarinyar Amstadam: Abin da Ya Faɗa da Abin da Ya Bari

Mutanen ƙasar Holan sun daɗe da yin suna wajen ciniki da son zaman lafiya. Ƙasarsu ƙarama ce, tana bakin teku, tana iyaka da Jamus da Beljiyam. Ko babban yaƙin nan na 1914 zuwa 1918 ba su shiga ba, suka ce su 'yan ba-ruwanmu ne, aka kuwa ƙyale su. Da yaƙin Hitila ya taso sai suka zaci haka za a sake yi. Amma ran 10 ga Mayu, 1940, sojan Jamus suka afka musu, ran 14 jiragen sama suka ƙone tsakiyar birnin Rotadam, kashegari aka sa hannu a takardar saranda. Sarauniya Wilhelmina da ministocinta suka ƙetare teku zuwa Ingila, ƙasa ta zauna a hannun Jamusawa har shekara 5.

An rubuta littattafai da yawa bisa waɗannan shekaru, amma wanda duniya ta fi sani wata yarinya ce ta rubuta shi, Bayahudiya, sunanta Anne Frank. An haife ta a Jamus cikin 1929. Da Hitila ya hau mulki a 1933 ya fara tsananta wa Yahudawa, ubanta Otto Frank ya ƙaura da iyalinsa zuwa Amstadam, babban birnin Holan. Ran da ta cika shekara 13, watau 12 ga Yuni, 1942, aka ba ta kyautar littafin rubutu, ta shiga rubuta abin da ke aukuwa gare ta yau da gobe. Ba a yi wata guda ba aka aiko wa yayarta Margot takardar kira zuwa aikin tilas a Jamus. Ran 6 ga Yuli suka gudu suka ɓuya cikin waɗansu ɗakuna da ke bayan ofishin ubansu, daga baya aka tare ƙofar da kantar littattafai. Su 8 ne suka zauna a ciki, shekara 2 da wata guda, ba mai taka ƙasa waje.

Ran 4 ga Agusta, 1944, aka kama su duka. Aka kai su sansanin Westerbork, daga can aka zuba su cikin jirgin ƙasa zuwa Auschwitz a ƙasar Polan. Anne da yayarta suka mutu a wani sansani wai shi Bergen-Belsen a farkon 1945, da ciwon zazzaɓin nan da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Cikin su 8 uban kaɗai ya komo. Wata ma'aikaciyarsa, Miep Gies, ita ta tsince takardun yarinyar a ƙasa bayan an tafi da su, ta adana, ta miƙa masa. Aka buga littafin a 1947, yanzu an juya shi cikin harsuna fiye da 70.

Littafin ya cancanci sunan da ya yi. Abu na farko da mai karatu zai lura da shi shi ne yarinyar ba ta mai da kowa waliyyi ba, har kanta. Tana faɗin saɓaninta da uwarta, da gardamar manya a kan abinci, da yadda ta ke jin haushin likitan haƙori da suka haɗa ɗaki da shi saboda teburin rubutu. Da rana ba a tafiya da ƙarfi, ba a sakin ruwa, don kada leburorin sito da ke ƙasa su ji. Da irin waɗannan ƙananan abubuwa ta nuna abin da tsoro ke yi wa mutane in an kulle su wuri guda, har mai karatu ya ji kamar da shi a ke zaune. Na biyu kuwa, aikin gwaninta ne da aka yi da niyya. Cikin Maris, 1944, ta ji wani ministan Holan yana magana ta rediyo daga Landan, yana cewa bayan yaƙi za a tara wasiƙu da rubuce-rubucen talakawa don su zama shaida. Sai ta koma ta bi rubutunta daga farko, tana gyara, tana ragewa, tana ƙarawa. Waɗansu maƙiya sun yi ta cewa ƙage ne, amma a 1986 hukumar tarihin yaƙi ta Holan ta fitar da binciken da aka yi wa takarda da tawada da hannun rubutun, ya tabbata nata ne.

To, inda gyara ya ke shi ne wajen yadda mutane suka ɗauki littafin. Wanda ya leƙa gari ta taga guda, abin da ke gaban tagar kaɗai zai gani. Mutanen Holan da Anne ta ke gani kullum su ne waɗanda ke kawo musu abinci da littattafai da labari, irin su Miep Gies da Victor Kugler da Johannes Kleiman da Bep Voskuijl, mutanen kirki da suka sa ransu a hatsari. Ita kanta ba ta ɓoye cewa a waje ana kwasar Yahudawa ba, ta ma ambaci labarin kisa da iska mai guba da suka ji a rediyon Ingila. Duk da haka wanda ya rufe littafin yakan tashi da zaton cewa ƙasar duka haka ta ke, kowane gida da Bayahuden da ya ɓoye. Wannan zato ya yi wa mutanen Holan daɗi, suka rayu da shi shekaru masu yawa bayan yaƙi.

Lissafi kuwa bai goyi bayan zaton ba. Yahudawan da ke Holan sa'ad da Jamusawa suka shigo wajen 140,000 ne. An kwashe wajen 107,000 zuwa sansanoni, waɗanda suka komo ba su fi 5,000 da 'yan kai ba. Watau cikin kowane mutum 4 an kashe 3. A Beljiyam abin da aka kashe wajen kashi 40 ne cikin 100, a Faransa wajen kashi 25. Duk yammacin Turai ba inda aka yi ɓarna kamar wannan ƙasa mai son zaman lafiya. Yaya aka yi haka ta auku?

Dalilan suna da yawa, amma akwai guda wanda ya kamata duk mai riƙe da alƙalamin hukuma ya tsaya a kansa. Jamusawan da ke mulkin Holan ba su da yawa, ba su kuma san gari ba. Abin da suka tarar shi ne ofisoshi masu tsari da akawuna masu ƙwazo, waɗanda suka rubuta kowane mutum da unguwarsa da addininsa, kamar yadda malamin haraji ke rubuta magidanta, har ma fiye. Cikin Oktoba, 1940, aka raba wa ma'aikatan gwamnati takarda kowa ya cika, ya faɗi ko yana da jinin Yahudawa. Kusan duka suka cika. Wata na biye aka sallami Yahudawan cikinsu, har da shugaban babbar kotun ƙasa, Lodewijk Visser, sauran alƙalan kuwa suka ci gaba da zama ba su ce uffan ba. Cikin Janairu, 1941, aka ce kowane Bayahude ya je ya yi rajista, aka yi. Shugaban ofishin rajista, Jacob Lentz, ya ƙago katin shaida mai hoto da dangwalen yatsa, mai wuyar kwaikwayo ƙwarai, a kan na Yahudawa aka buga harafin J. Da lokacin kamu ya zo, sunaye da lambobin gidaje suna nan a shirye. 'Yan sandan Holan suka taya ƙwanƙwasa ƙofofi, ma'aikatan jirgin ƙasa na Holan suka ja taragu zuwa Westerbork. Har akwai waɗanda suka mai da farautar masu ɓuya sana'a, a kan gilda 7 da rabi kowane kai. Yawancin akawunan nan ba su taɓa ɗaga hannu sun bugi kowa ba, sun dai ce aikinsu su ke yi.

Adalci ne a faɗi cewa akwai waɗanda suka ƙi. Ran 25 ga Fabrairu, 1941, ma'aikatan Amstadam suka yi yajin aiki kwana 2 saboda an kama samarin Yahudawa fiye da 400, aka murƙushe su da bindiga. Ran 27 ga Maris, 1943, waɗansu mutane suka sa kayan 'yan sanda suka shiga ofishin rajistar birnin da dare suka cinna masa wuta, don sun gane inda mugun makamin ya ke. Aka kama su, aka harbe 12. Yahudawa fiye da 25,000 sun sami masu ɓoye su, ko da ya ke an kama wajen sulusinsu. Su ma talakawan ƙasar sun sha wuya, don a hunturun 1944 zuwa 1945 yunwa ta kashe wajen mutum 20,000.

Da aka sami lafiya ran 5 ga Mayu, 1945, ba a yi hanzarin tone wannan magana ba. Yahudawan da suka komo waɗansu sun tarar da baƙi cikin gidajensu, hukumar birnin Amstadam kuma ta bi waɗansunsu bashin kuɗin fili na shekarun da su ke tsare, har da tara. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka take naka ka hangi na wani. Ƙasar da ta fito daga hannun Jamus jiya, ita ce ta aika da soja Indunusiya don ta hana mutanen can 'yancin da suka yi shela ran 17 ga Agusta, 1945, aka yi ta zub da jini har ƙarshen 1949. Sai a 1965 wani malamin tarihi Bayahude, Jacques Presser, wanda aka kashe matarsa a sansani, ya fitar da littafinsa bisa halakar Yahudawan Holan, ya sa mutane suka fara duban abin da hukumominsu suka aikata. Gwamnati kuwa ba ta nemi gafara a fili ba sai Janairu, 2020, ta bakin Firayim Minista Mark Rutte. A 2022 ta nemi gafarar mutanen Indunusiya bisa zaluncin sojanta.

Saboda haka littafin Anne Frank abin karantawa ne ga kowa, babba da yaro, amma kada a tsaya a kansa a ce an san tarihin Holan. Rubutunta ya yanke ran 1 ga Agusta, 1944, kwana 3 kafin a kama su. Abin da ya biyo baya ba ta sami ikon rubutawa ba, wanda ya rubuta sunanta cikin jerin masu shiga jirgi kuwa ba ta san shi ba. Mai karatu shi zai nemi wannan ragowar a wajen masu tarihi. A 2021 aka buɗe wani gini na tunawa a Amstadam, mai tubala fiye da 102,000, kowane tubali da sunan mutum guda da ranar haihuwarsa da shekarunsa sa'ad da aka kashe shi. Sunan Anne yana cikinsu, da na yayarta, da na uwarsu. Allah ya kiyashe mu da zama hannun da azzalumi zai yi aiki da shi, amin.