Sabon Rubutu da Tsohon Kati

Kowane ɗakin karatu yana da rajista, inda ake jera sunayen littattafai da na mawallafansu bi da bi, daga A zuwa Z. In suna ya kauce daga gurbinsa, to, littafin yana nan bisa kanta, amma kamar an binne shi ne.

Sinawa ba su rubutu da haruffa irin namu. Saboda haka waɗansu Turawan Ingila biyu, Wade da Giles, suka tsara yadda za a riƙa rubuta sunayensu da boko. Cikin 1958 gwamnatin Sin ta fito da tata hanyar, wadda ake kira Pinyin, amma babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka bai koma mata ba sai ran 1 ga Oktoba, 2000. Shekara arba'in da biyu ke nan! A ganina jinkirin ya yi yawa, gama ɗalibi yakan karanta Zhou Enlai a jarida, ya dubi Z bai gan shi ba, ashe mutumin yana can ƙarƙashin C, an rubuta Chou En-lai. Amma da suka tashi gyara sun yi abin yabo guda: ba su shafe tsohon sunan ba, sun bar shi yana nuna wa mai nema inda sabon yake.

Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu. Mu ma nan Zuru abin ya same mu. Turawan da suka fara rubuta labarin ƙasar nan Dakarkari suka sa, yadda suka ji a bakin Hausawa, alhali kuwa mutanen Lelna suke kiran kansu, harshensu kuwa C'Lela. Daidai ne a kira mutum da sunan da ya yarda da shi. Amma in an soke Dakarkari daga rajista ƙaf, yaron da ya nemi Lelna ba zai san an taɓa rubuta kome a kan kakanninsa ba.

Ni akawu ne, na kuwa ga irin wannan ɓarna a wani ofis. Wani saurayi mai himma ya kwafe rajista da sabon rubutu, ya ƙone tsofaffin katuttukan. Wani tsoho ya zo neman takardar gonar mahaifinsa, sunan da ya sani kuwa tsohon ne. Kwana uku muna birkita fayil kafin ta fito.