Kolade Oshinowo da Zanen Fili: Darasi ga Marubuci

Sau da yawa idan aka ce mai zane, abin da ke zuwa zukatanmu shi ne mai rubuta allon shago ko mai ƙawata bayan tirela. Amma akwai wani nau'in zane da ya kamata mu marubuta mu tsaya mu yi nazarinsa, wato wanda mai shi ke ɗaukar fenti da burushi ya fita fili, ya zauna gaban tudu ko kogi ko garke, ya zana abin da idonsa ya gani kafin rana ta juya. A Turai wannan hanya ta bunƙasa ne bayan 1841, lokacin da aka ƙirƙiro ɗan bututun zuba fenti da za a iya jefawa a jaka a tafi da shi daji. A Nijeriya kuwa, cikin waɗanda suka yi suna da zanen ƙasa da karkara akwai Kolade Oshinowo.

An haife shi a Ibadan a 1948, amma Zariya ce ta yaye shi, domin kuwa a Jami'ar Ahmadu Bello ya karanci zane ya kammala a 1972. Wannan sashe na Zariya tun yana ƙarƙashin tsohuwar kwaleji ya fitar da irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1958 da nufin haɗa dabarun Bature da al'adun gida. Oshinowo ya koyar a King's College ta Legas, sannan a 1974 ya koma Kwalejin Fasaha ta Yaba, inda ya shafe fiye da shekara 30 yana koyarwa. Ya kuma taɓa shugabantar ƙungiyar masu zane ta ƙasa.

Abin da ya fi burge ni a zane-zanensa na karkara shi ne launi. Ba ya kwaɓa kore shar da shuɗi fes irin na hoton kalanda. Launukansa na ƙasa ne: jan ƙasa, ruwan toka, ruwan ƙwai mai duhu, kalar busasshiyar ciyawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili da hantsi cikin hunturu ya san haka duniya take idan hazo ya sauka, abin da ke nesa ya dushe, na kusa ya fito. Wannan sani ba a samun sa a ɗaki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, sai dai fa idon da aka horar da shi a rana da ƙura.

Duk da haka, ina da ƙorafi guda biyu. Na farko, karkarar da yake zanawa ta cika natsuwa. Shanu na tafe, mata na ɗauke da kaya, komai ya zauna daidai, har mai kallo ya manta cewa matar nan ta yi tafiyar mil uku da tallan a ka. Kyawun zanen yakan danne gumin mutanen da ke cikinsa. Na biyu, irin waɗannan zane-zane sukan ƙare ne a falon masu hali a Legas, mutanen da aka zana ƙasarsu kuwa ba sa ko jin labari. Daga baya ya karkata ga zanen mata da manna guntayen atamfa a jikin zanen. Aiki ne mai kyau, amma a ganina na filin ya fi shi nauyi, domin shi shaida ne.

Maganar shaida ita ce ta dawo da ni gida. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru ya haɗiye tsohuwar Bussa da gungaye masu yawa na ƙasar Yawuri, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Yaron Ngaski ko Shanga da aka haifa bayan haka, da me zai san kamannin gungun kakansa? Labarin baka kawai, shi ma masu ba da shi suna ta ƙarewa. Da a ce wani ya zauna bakin Kwara da fenti a 1966, da yau muna da abin nuna wa ɗalibai, gani kuwa ya kori ji.

Wani zai ce addini bai yarda da zane ba. Abin da malamai suka yi magana a kansa shi ne surar abu mai rai. Itace da dutse da ruwa da kwale-kwale kuwa mafi yawansu sun halatta. Ashe ke nan ƙofar a buɗe take, mu ne ba mu shiga ba.

To, ina ruwan marubuci da wannan? Ɗauki littattafan soyayya goma ka duba. Za ka tarar an siffanta falo da kujeru da mota da leshin yarinya dalla-dalla, amma da an fita ƙofar gida sai a ce "wani daji" ko "bakin wani kogi". Wane kogi? A nan Yelwa ruwa sau biyu yake zuwa mana: farin ruwa mai laka na damina, da baƙin ruwa da ke isowa daga ƙasar Gini cikin sanyi. Idan tafki ya ja baya, manoma su bi sawunsa da shuka, lambunan albasa su cika gaɓa. Saurayin da ya je zance da farin ruwa da wanda ya je da baƙin ruwa ba hanya ɗaya suka bi ba, ba kuma magana ɗaya za a yi musu a mashiga ba.

Shawarata ga sababbin marubuta ita ce su yi koyi da mai zanen fili. Ka ɗauki littafi da biro ka zauna wuri guda awa ɗaya, ka rubuta launin ruwa, da sunan kowane itace, da abin da masunta ke kiran kowace irin koma. Ka koma wurin bayan wata uku ka ga abin da ya sauya. Sai dai ka kauce wa inda Oshinowo ya yi rauni: idan ka zana gaɓa, ka sa wahalar mai tuƙa jirgi a ciki. Allah ya sa mu dace.