Yadda ake awon alhazai a tashar jirgin Arfa

Rana na faɗuwa a Arfa, dubban ɗaruruwan alhazai ke zabura a lokaci guda, kowa ya nufi Muzdalifa. A kan wannan sa'a masu zanen jirgin ƙasan Masha'ir suka gina lissafinsu. Layin, wanda ya fara aiki a 2010, kilomita 18 ne da tashoshi tara: uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa.

Jirgin suka fara aunawa. Tarago 12 gare shi, kowanne da ƙofa biyar a gefe ɗaya, ƙofa 60 ke nan, kuma yana ɗaukar mutum wajen 3,000. Wannan adadi shi ya zama mudunsu. Ba a sakin jama'a kai tsaye zuwa dandamali, wato daɓen da ake tsayawa a hau jirgi. Akwai wurin jira a bayansa, inda ake tara cikin jirgi ɗaya, a baza su a tsawon tashar yadda kowane rukuni zai fuskanci ƙofarsa. Sai ayarin da ke gaba ya tafi, dandamali ya zama wayam, sannan a buɗe wa na baya. Malalacin magini da faɗaɗa ƙofar shiga kawai zai yi, ya bar wa dogarai da usur sauran wahalar.

A bakin dandamalin kuma akwai shinge mai ƙofofi, waɗanda ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya sun yi saiti da nasa. Ko an yi turereniya, ba mai faɗawa kan dogo.

Abin da ya fi burge ni shi ne hawan. Tashoshin a sama suke, amma an shimfiɗa doguwar gangara mai sauƙi da ake takawa har sama. Duk wanda ya taɓa rakiyar tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga jaka ga gorar ruwa, ya san matakala ɗaya kan tsayar da mutum ɗari a bayanta. Gangara kuwa tana barin mai silifa da mai keken guragu su tafi tare. Masu hawa da masu sauka ma ba a bari su yi kiciɓis, don nan ne cunkoso ke farawa.

Da wannan awo aka tsara layin ya kwashi mutum 72,000 a sa'a guda. Aikinsa a shekara bai wuce na kimanin mako ɗaya ba.