Hamadar Stebbing da gonakin Mashi: sake karanta wata maƙala ta 1935

Duk wanda ya yi firamare a Mashi, ko Mani, ko Daura ya san ranar dashen itatuwa. Mota ta kawo irin bedi da na turare cikin baƙaƙen ledoji, babban baƙo ya duƙa ya dasa guda ɗaya, a ɗauki hoto, a tafa. A jawabi kuma sai an faɗi cewa hamada na gurgusowa da kilomita 0.6 duk shekara. Ni da hannuna na dasa uku a bakin filin makarantarmu. Kafin bazara ta zagayo awaki sun gama da biyu, na ukun kuma gara ta ci.

Sai da na fara karatun digiri na biyu na gano cewa wannan jawabi yana da kaka, kuma kakan wata maƙala ce da ta kai shekara casa'in. Ita nake so mu duba yau, domin a ganina tarihin kare muhalli a ƙasar Hausa ya fi rataya a kanta fiye da abubuwan da ake koya mana a aji.

A aji, tarihin yakan fara daga Amurka: gandun Yellowstone a 1872, littafin Rachel Carson a kan illar magungunan ƙwari a 1962, taron Stockholm a 1972. In malami ya tuna da Afirka sai ya ƙara da Wangari Maathai da matan Kenya a 1977. In ya tuna da Najeriya sai ya kawo Yankari a 1956, da gubar da aka jibge a Koko a 1988, wadda ta sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar. Duk gaskiya ne. Amma babu ɗaya a cikinsu da zai bayyana maka dalilin da ya sa manomin Mashi ya san malamin daji, ko dalilin da ya sa ake jera bedi a bakin hanya.

E. P. Stebbing farfesan ilimin gandun daji ne a Jami'ar Edinbura, kuma kafin nan ya daɗe yana aikin daji a Indiya. A 1934 ya zo Afirka ta Yamma, ya ratsa arewacin Najeriya da kudancin Nijar da rani. A 1935 mujallar ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila ta buga maƙalarsa, inda ya ce Sahara na mamaye ƙasashen da Turawa ke mulka. Ya ƙiyasta cewa ta yi ƙarni uku tana matsowa kudu da kusan kilomita ɗaya a shekara. Laifin ya ɗora shi a kan manomi mai sassabe da ƙona daji, da makiyayi mai sassaka reshe. Magani kuwa, a cewarsa, shi ne a killace doguwar ɗamarar daji mai faɗin mil 15, a hana noma da kiwo a cikinta, ta tare yashi.

A yi masa adalci, mutumin ya iya rubutu, kuma abin da ya gani da ido ba ƙarya ba ne. Ya ga rairayi a gonaki, ya ga rijiyoyi masu zurfi, ya ga itatuwan da aka sassake. Inda na saɓa da shi shi ne abin da ya gina a kan ganin. Wanda ya zo Mashi a watan Maris, lokacin da aka kwashe kara, iska ta share gonaki, rana ta ƙone ciyawa, zai rantse hamada ta iso. Ya dawo a watan Agusta, gero ya fi shi tsawo, ba zai gane wurin ba. Stebbing rani ɗaya ya gani, sannan ya auna shi da dazuzzukan Indiya da ke cikin kansa. Ba shi da awon ruwan sama na shekaru masu yawa, ba shi da hoton wurin na da can da zai kwatanta da na yanzu. Labaran ma'aikatan mulkin mallaka ya haɗa da abin da ya hango daga mota, ya fitar da lissafin shekara ɗari uku.

Rairayin ma da ya tsorata shi ba baƙo ba ne. Ƙasar jigawa da muke noma gero da gyaɗa a kanta tsofaffin tuddan yashi ne da iska ta tara dubban shekaru da suka wuce, lokacin da yankin ya fi yanzu bushewa nesa ba kusa ba. Daga baya ciyawa da itatuwa suka kama su suka zauna. Kakanninmu a kan wannan yashin suka kafa garuruwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tun a lokacin an bincika maganarsa. Ingila da Faransa sun haɗa kwamitin masana daji da masana ƙasa, suka zagaya ɓangarorin iyaka biyu daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Suka dawo suka ce ba su ga alamar Sahara na tafiya kudu ba: tuddan yashin a kafe suke, ruwan ƙasa bai nuna yana ja da baya gaba ɗaya ba. Sun yarda akwai ɓarnar daji a wurare, amma ta wuri-wuri ce, kuma daga nan cikin gida take tasowa. Brynmor Jones, masanin duwatsu da ke cikin kwamitin, ya buga bayanin haka a 1938 a mujallar da ta buga Stebbing. To, wa ya ji labarin Jones? Rahoton da ya ce babu dodo ba ya samun masu karatu kamar wanda ya ce ga dodo nan tafe.

Kuma labarin dodon yana da amfani ga mai mulki. Idan talaka ne ke janyo hamada, to hukuma na da hujjar ƙwace daji daga hannunsa. A Najeriya dokokin daji na 1916 da 1937 suka ba da damar yanka gandun daji, En'e ta ɗauki malaman daji, sare wasu itatuwa ya koma sai da izini. A ɓangaren Faransa dokar daji ta 1935 ta fi tsanani: wasu itatuwa suka shiga jerin waɗanda hukuma ke karewa, ko da a tsakiyar gonarka suke. Ka yi tunanin sakamakon. Icen da in ya girma zai iya jawo maka tara, me zai sa ka bar shi ya girma? Manomi mai hankali sai ya tumɓuke tohon tun yana ƙarami, kafin wani ya gani. Dokar da aka yi don kare itace ita ta koya wa mutane share shi.

Alhali kare itace ba Bature ya kawo shi ba. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan sare gawo. Ko ba doka ma, manomi ya san darajarsa. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi kore, dabbobi su taru a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi. Yana cikin dangin itatuwan da saiwarsu ke tara sinadarin naitirojin daga iska. Kowane yaro a ƙauyukanmu ya san geron gindin gawo ya fi na fili.

Da fari ya zo a farkon shekarun 1970, sannan na 1983 zuwa 1985, sai labarin Stebbing ya farfaɗo da sabon suna. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taron kwararowar hamada a Nairobi a 1977. Kuɗi suka shigo, aka buɗe wuraren renon iri, aka jera shingayen itatuwa a arewacin Kano, Katsina da Sakkwato. Nan jihar Katsina, aikin dashen itatuwa da Tarayyar Turai ta tallafa tun ƙarshen shekarun 1980 ya bar layukan bedi da har yau ake gani. Ba zan raina su ba. Suna karya iska, suna ba da inuwa da itacen girki, kuma duk wanda ya taɓa tafiya a ƙasa da azahar a watan Afrilu ba zai zagi bedi ba. Tambayata ita ce: me suke tarewa?

A 1991 Compton Tucker da abokan aikinsa suka fitar da binciken hotunan tauraron ɗan'adam na shekara goma sha ɗaya. Suka ga bakin Sahara na kudu ya sauko kusan kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, sannan a shekara ɗaya tak, da ruwa ya dawo a 1985, ya koma arewa da kusan kilomita 110. Wato iyakar tana kai-komo ne da ruwan sama, kamar bakin tafki. A 2003 kuma Alessandra Giannini da abokanta suka nuna cewa babban abin da ke juya ruwan Sahel shi ne zafin saman tekuna. Gatarin manomin Mashi bai kai can ba. Shi kuwa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana bin ƙauyuka, ya nuna cewa a karkarar Kano, inda jama'a suka fi cunkoso, manoma na riƙe da itatuwan gonakinsu, ba su ƙare ba kamar yadda aka yi hasashe.

Saboda haka duk lokacin da na ji kilomita 0.6, nakan so in tambayi mai jawabi: daga wane layi aka fara awon, kuma a wace shekara? Ko da daga kan iyaka aka fara a zamanin Stebbing, da yanzu an wuce kilomita hamsin, da Mashi da Daura da birnin Katsina duk suna ƙarƙashin yashi. Ga mu nan muna noma.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa lafiya lau ake. Ba lafiya ba. Saurar da ake bari ta huta ta ƙare, ƙasa ta gaji, burtali ya shige gona, gawayi na cin ƙirya da marke. Tambayi dattijo ɗorawa nawa ya sani a gonakin garinsu yana yaro, nawa suka rage. A Yusufari ta jihar Yobe kuwa akwai tuddan yashi masu motsi na gaske da ke binne gonaki da dausayi. Amma waɗannan cututtuka ne daban-daban, kowace da sanadinta. Wanda ya tattara su ya kira su "hamada na zuwa" zai rubuta magani ɗaya, wato katanga, ya bar ciwon da ke cikin gida.

Hujja mafi ƙarfi a kan Stebbing tana nan tsallaken iyakarmu. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aikin dashen itatuwa a Maraɗi kuma dashen na ta mutuwa, ya lura cewa ƙananan kalgo da sabara da ake sassabewa duk shekara ba ciyayi ba ne. Tohon kututture ne masu tsohuwar saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran, cikin 'yan shekaru ka sami itace, ba leda, ba ban ruwa. Mutanen wurin suka sa masa suna sassabin zamani. Farkonsa ma bai yi armashi ba: a yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, da abincin ya ƙare mutane da yawa suka sare abin da suka bari. Waɗanda suka riƙe nasu ne maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. A daidai lokacin kuma ƙarfin malaman daji ya ragu, daga baya dokokin Nijar suka sassauta, manomi ya fara jin icen gonarsa nasa ne. Ƙiyasin da Chris Reij da Gray Tappan suka yi daga hotunan sama ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Nan ma ina da ƙorafi, don labarin Maraɗi ya fara zama tatsuniya irin ta Stebbing, sai dai mai daɗi. Adadin ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba. Dawowar ruwa bayan 1990 ta taimaka. Kuma yadda ake ba da labarin a ƙasashen waje, sai ka ɗauka Bature ɗaya ne ya koya wa Hausawa barin itace a gona, alhali gonakin gawo na Damagaram sun girme shi, shi da kansa ma manoma yake yaba wa. Ba a kuma cika tambayar makiyayi ko matar da ke neman itacen girki yadda suka ƙare ba, bayan kowane kututture ya sami mai shi.

Duk da haka, dubi abin da aka zaɓa a 2007. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Ganuwar Itatuwa, daga Dakar zuwa Jibuti, tsawon kusan kilomita 8,000, faɗin kilomita 15. Mil 15 na Stebbing ya koma kilomita 15. Najeriya ta kafa wa shirin hukuma a 2015, Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce hekta miliyan 4 aka farfaɗo cikin miliyan 100 da ake buri kafin 2030. Masu tsara shirin a sama sun riga sun sauya harshe, yanzu suna maganar gyaran gonaki da makiyaya wuri-wuri maimakon layi ɗaya. Sai dai sauyin bai sauko wurin taron dashe ba tukuna, inda har yanzu abin da ake ƙirgawa shi ne iri nawa aka raba.

A damina mai zuwa, ni da wasu abokan karatu biyu muna shirin ƙirga kututturan da ke toho a gonaki ashirin a arewacin Mashi, mu rubuta irinsu, mu tambayi masu gonakin wanne suke bari, wanne suke cirewa, da dalili. Wani dattijo da na fara yi wa maganar bai bari na gama ba ya tambaye ni: in ya bar kalgon ya girma, ranar da zai sare shi, wa zai nema izini wurinsa?