Manhajar da Ba Ta Cewa Ya Isa

A Fakku da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Kebbe, matashi kan sayi data bayan magariba, kafin ya kwanta ta ƙare, kuma in aka tambaye shi abin da ya kalla sai ya yi ta sosa ƙeya. Iyaye kan ce rashin tarbiyya ne. Suna da tasu gaskiyar, amma fa da gangan aka ƙera abin haka.

A 2006 Aza Raskin, wani ɗan Amurka, ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa: kana ja, wani abu na fitowa. Daga baya shi da kansa ya nuna nadama. A 2012 kuma Facebook ya sauya abin da mutum kusan 689,000 ke gani na tsawon mako guda ba da saninsu ba, don a gwada ko za a iya juya musu farin ciki da ɓacin rai. Sai a 2014 duniya ta ji labari.

Hujjar kamfanonin ita ce jama'a na jin daɗi, shaidarsu kuwa yawan mintunan da aka ɓata. Nan gizo ke saƙar. Mai zagi da mai ƙaruwa duk minti ɗaya suke a lissafinsu, shi ya sa bidiyon faɗan 'yan TikTok ke riga bayanin farashin taki isa wayar manomi. Kuma a ƙasar Tambuwal da Kebbe kowane minti kuɗi ne: na data, wadda hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara wa farashi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, da na mai cajin waya. Injiniyan da ya sa bidiyo ya riƙa kunna kansa da kansa bai taɓa sayar da tiyar gero don ya sayi kati ba.

Ana iya taka musu burki. A 2024 Tarayyar Turai ta matsa wa TikTok lamba har ya janye tsarin da ke bai wa mutane lada don kallon bidiyo a Faransa da Sifaniya. A shekarar ce hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar dala miliyan 220, sai dai kan bayanan masu amfani ne. Abin da ya dace ta nema yanzu bai fi ƙarfin kowane kamfani ba: bidiyo ya tsaya har sai an taɓa shi, manhaja kuma ta riƙa nuna wa mutum, da Hausa, datar naira nawa ya ci yau.