Tausar Ƙasusuwan Kai: Sharhi a Kan Da'awar Sutherland

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala za mu auna wata hanyar magani da ta samo asali daga Amurka, watau tausar ƙasusuwan kai. William Sutherland, almajirin Andrew Still, shi ne ya shimfiɗa ta a littafinsa The Cranial Bowl na 1939. Ra'ayinsa shi ne ƙasusuwan ƙoƙon kai suna wani ɗan motsi mai kama da numfashi, kuma gwani na iya jin sa da yatsu, ya daidaita shi. Mabiyansa sun ce hakan na maganin ciwon kai da kukan jarirai.

2.0 Auna Da'awar

Da farko, mahaɗan ƙasusuwan kan baligi sarƙe suke da juna kamar haƙoran zarto, ba su da sakin da taɓawar yatsa za ta gusar. Na biyu, a 1994 Wirth-Pattullo da Hayes suka sa masu wannan tausa su ƙirga motsin a kan mutane guda, sai lissafinsu ya saɓa wa juna. Abin da gwanaye suka kasa haɗuwa a kan awonsa kuwa, ina za a gina magani a kansa? Bitar da Guillaud da abokansa suka yi a 2016 ita ma ba ta sami hujja mai ƙarfi ba.

3.0 Abin da Ya Shafe Mu

Kada a kwatanta wannan da ɗori. Maɗori a Kende ko Bagudo, can iyakar Jihar Kebbi da Benin, karaya yake lalubawa, abin da hoton asibiti ke iya tabbatarwa, ko da yake ɗaurin da ya cika tsanani kan ruɓar da gaɓa.

Inda muka fi jin tsoro shi ne maɗiga. Idan ta lotsa ga jariri mai gudawa, akan ɗauka ciwon a kai yake, a shafa mata haɗin magani. Alhali lotsawar alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki, maganinta ruwan gishiri da sukari, da ci gaba da ba da nono, da hanzarta zuwa asibiti. Duk koyarwar da za ta ƙara tsayar da hankalin uwa a kan ƙashin kai, jinkiri za ta haifar.

4.0 Kammalawa

Ba mu musun cewa tausa mai laushi na kwantar da hankali. Amma wanda ya kira ta magani, shi ke da nauyin kawo hujja.